Gurbin alkawari a jami'o'in Amurka: sa hannu kafin a ji farashi

A ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara akwai wata gajeriyar takarda da ke hana iyaye da yawa barci a Amurka. Mutum uku ke sa mata hannu: ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare, uba ko uwa, da malamin da ke ba ɗalibai shawara a makarantar. Abin da ke cikinta bai wuce wannan ba: na zaɓi jami'a kaza ita kaɗai, in ta ɗauke ni zan zo, kuma zan janye duk takardun da na aika wa sauran. Galibi ana miƙa ta ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. A takardun makarantu haruffa biyu ake rubuta mata, ED. Ni zan kira ta gurbin alkawari, domin alkawarin nan shi ne ƙashin bayanta.

Akwai wasu hanyoyin neman gurbi. Hanyar gama-gari ita ce a aika takardu a farkon Janairu zuwa jami'o'i goma ko fiye, amsoshi su zo a ƙarshen Maris, ɗalibi ya samu har zuwa 1 ga Mayu yana nazari kafin ya zaɓa. Akwai kuma neman wuri marar ɗauri, wato aika takardu da wuri ba tare da alkawari ba, wanda ake rubuta wa EA, inda ake samun amsa da wuri amma ba a ɗaure kowa ba. Harvard da Yale da Princeton da Stanford irin wannan suke yi, sai dai suna hana ɗalibi ya nemi wata jami'a mai zaman kanta da wuri a lokaci guda. Sauran manyan kuwa, irin su Brown, Columbia, Cornell, Dartmouth, Penn, Duke da Northwestern, gurbin alkawari suke bayarwa.

Matsalar tana cikin jerin yadda abubuwa ke faruwa. Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan jami'o'i, in aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, ya haura dala dubu 90 a da yawa daga cikinsu. Ba kowa ke biyan wannan ba. Kowane iyali da nasa farashin, gwargwadon tallafin da jami'ar ta ga dama ta ba shi, kuma takardar da ke faɗin wannan farashi ba ta zuwa sai an ɗauki yaro. Wato a Nuwamba ake sallamawa, a Disamba ake jin kuɗi. A kasuwar Kurmi wannan cinikin biri a sama ake ce masa, kuma ba wanda zai yarda da shi a kan buhun gero, balle a kan abin da zai iya kai dala dubu 360 cikin shekara huɗu.

To me ya sa mutane masu hankali ke sa hannu? Saboda ƙofar gaba ta fi ta baya faɗi nesa ba kusa ba. A jami'ar Brown, cikin waɗanda suka nemi shiga a kakar 2024, an ɗauki kusan kashi 14 cikin ɗari na masu gurbin alkawari, alhali idan aka haɗa kowa da kowa waɗanda aka ɗauka ba su fi kashi 5 da ɗoriya ba. Jami'ar Penn ta daɗe tana cike kusan rabin ajinta ta wannan hanya, wasu ƙananan kwalejoji ma sun zarce rabi. Yaron da ya jira Janairu zai tarar an cinye rabin tuwon, ga kuma masu miƙo hannu sun ninka sau da yawa.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna da ruɗi a cikinsu. Cikin masu neman wuri akwai 'yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa tun bazara, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, akwai 'ya'yan masu ba jami'a gudummawa. Waɗannan kusan an gama maganarsu kafin su aika takarda, kuma su ke kumbura lissafin. Ɗan talakan da ba shi da kowa kada ya ɗauka cewa sa'arsa ta ninka sau uku. Amma fifikon yana nan, ko an cire su. A 2003 wasu masana uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, sun bincika takardun ɗalibai masu ɗimbin yawa, suka gano cewa neman wuri yana daidai da a ƙara wa yaro maki kusan 100 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Wanda ya san wahalar da yara ke sha kafin su ƙara maki 30 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Su jami'o'in ribarsu a fili take. Yaron da aka ɗauka a Maris yana iya tafiya wani wuri, don haka sai an ɗauki biyu ko uku kafin a cike kujera ɗaya. Na Disamba kuwa ya zama nasu. Sun san yawan gadajen da za su cika, sun san kuɗin da zai shigo, ga shi yawan waɗanda suka ƙi ɗauka daga baya yana ƙara musu kwarjini. Sannan ga abin da ba su cika faɗa ba: yaron da ya ɗaure kansa ba shi da takardar wata jami'a da zai ɗora a tebur ya ce ga abin da aka taya ni.

Ba yau aka fara ganin illar abin ba. A watan Satumba na 2006 Harvard, ƙarƙashin shugaban riƙo Derek Bok, ta sanar da cewa ta soke neman wuri gaba ɗaya, bisa hujjar cewa tsarin yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi sahu. Sun zaci sauran za su biyo baya, amma kusan ba wanda ya motsa, sai ma abokan hamayya suka riƙa kwashe musu ɗalibai. A 2011 Harvard da Princeton suka dawo da neman wuri marar ɗauri, ita kuwa Virginia har gurbin alkawarin ta maido a 2019. Virginia Tech ta soke nata a 2023, amma a 2025 Jami'ar Michigan, wadda ta gwamnatin jiha ce, ta sanar da buɗe nata. Iskar dai wajen ɗauri take kaɗawa. Wani rahoto da gidauniyar Jack Kent Cooke ta fitar a 2016 ya nuna waɗanda ke cin moriyar abin: cikin ɗalibai masu hazaƙa, kashi 29 na 'ya'yan gidajen da ke samun sama da dala dubu 250 a shekara sun nemi gurbin alkawari, amma kashi 16 kacal na 'ya'yan masu samun ƙasa da dala dubu 50. Mai kuɗi ba ya jiran takardar tallafi kafin ya san ko zai iya.

Masu kare tsarin kan ce ai akwai mafita, kuma gaskiya suka faɗa. Ita kanta takardar alkawarin ta tanadi cewa ɗalibin da ya nemi tallafi, aka ba shi abin da ba zai ishe shi zuwa makarantar ba, yana iya ƙin gurbin a sake shi. Ba a kai yaro kotu don ya fasa. A watan Agusta na 2025 wasu ɗalibai suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Massachusetts a kan jami'o'i da kwalejoji 32, suna cewa ana nuna wa yara abin kamar yarjejeniyar doka alhali ba ita ba ce, kuma abin da ke riƙe shi a zahiri shi ne yadda makarantun ba sa farautar ɗaliban juna. Tun a 2018 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta taɓa bincikar wasu kwalejoji kan musayar sunayen waɗanda suka ɗauka ta wannan hanya. Ashe ke nan igiyar ta mutunci ce da ta zumuncin da ke tsakanin makarantu, kuma tana da ƙarfi. A 2025 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda Jami'ar Tulane da ke New Orleans ta hana ɗaliban wata sakandare a jihar Colorado neman gurbin alkawari na shekara guda, saboda ɗalibi ɗaya daga can ya saɓa. Laifin mutum ɗaya, aka hukunta ƙannensa na makaranta. Wannan ne ya sa malamin da ya sa hannu tare da yaro ba ya murna in an zo masa da zancen fasawa.

Mu dubi mafitar da kyau, domin a nan ne iyaye suka fi yaudarar kansu. Tambayar da ta ba ka damar amsawa ita ce "za mu iya ko ba za mu iya ba?" Ba ta ba ka damar tambayar "akwai mai sauƙi?" A ce an ɗauki yarinya ranar 15 ga Disamba, takarda ta nuna iyayenta za su biya dala dubu 22 a shekara. Suna iyawa da ƙyar, in uba ya ƙara awoyin aiki, aka kuma taɓa ajiyar tsufa. Shin wannan ya kai a ce tallafin bai isa ba? Ba wanda zai gaya musu. Wataƙila wata jami'ar da ba ta gaza wannan ba da ta nemi dubu 9 a watan Maris, wataƙila kuma da kowa ya nemi dubu 30. In sun karɓa, ba za su taɓa ganin sauran farashin ba. In sun ƙi, gurbin ya tafi har abada, kuma saura mako biyu kacal a rufe karɓar takardu na Janairu, a daidai lokacin da makarantu suka tafi hutun Kirsimeti. Ga yarinya 'yar shekara 17 da ta riga ta sayi rigar jami'ar, ta faɗa wa ƙawayenta, an yi mata barka a masallaci. Uba nawa ne zai iya kallon idonta ya ce a fasa? Gaba kura baya sayaki, kuma mafi yawa kurar suke zaɓa, su ci bashi.

Akwai kuma tambayar wanda ke auna buƙata. Jami'a ce ke aunawa, da mudunta. Fom ɗin gwamnatin tarayya, FAFSA, yana duba kuɗin da iyali suka samu shekara biyu baya. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna ƙara wani mai zurfi, CSS Profile, wanda ke tambayar darajar gidan da ake ciki, da jarin sana'a, da kuɗin mahaifin da ba ya zaune tare da yaro in aure ya mutu. Kowace jami'a da yadda take sarrafa waɗannan amsoshi, shi ya sa makarantu biyu da dukkansu ke alfahari da cewa suna biyan cikakkiyar buƙata za su iya ba iyali ɗaya farashin da ya bambanta da dubban daloli. Tun daga shekarar karatu ta 2024 lissafin gwamnati ya daina rage wa iyaye nauyi don suna da 'ya'ya biyu a jami'a lokaci guda. Wasu jami'o'in har yanzu suna ragewa daga aljihunsu, wasu ba sa yi. Ga gidan da ke da yara a jere, wannan kaɗai ya isa ya sauya komai.

Kalmar tallafi ma sai an tona ta. Wani sashe kyauta ne, wani aikin da ɗalibi zai yi a harabar makaranta ne, wani kuma bashi ne tsagwaronsa da aka jera a layi ɗaya da kyautar. A watan Disamba na 2022 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ba da rahoton cewa kashi 91 cikin ɗari na jami'o'i ko dai ba sa rubuta ainihin abin da iyali za su biya a takardar tallafi, ko suna rubuta ƙasa da gaskiya. Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa yana iya karɓar bashin gwamnati na dala 5,500, jimillar shekara huɗu ta kai 27,000. A shekarar karatu ta 2024 ruwan da ke kan wannan bashi kashi 6.53 ne, na bashin da ake ba iyaye kuwa 9.08. Ga gidan Musulmi da ke gudun riba, kamar yawancin Hausawan unguwar Bronx ta New York da sauran biranen Amurka, jami'ar da ta cike giɓi da bashi mai ruwa ba ta cike komai ba. Princeton ta cire bashi daga tallafinta tun 2001, wasu da dama sun bi ta, amma wajibi ne a tambayi kowace makaranta daki-daki kafin a sa hannu.

Abin da na fi so mai karatu ya kama shi ne, haɗarin gurbin alkawari ba ya bin talauci kai tsaye kamar yadda ake zato. Iyalin da ke samun dala dubu 40 a shekara, albashi tsayayye, gidan haya, babu kadara, su ne suka fi kowa iya sanin farashinsu tun kafin a faɗa, muddin jami'ar tana cikin 'yan tsirarun masu arzikin da ke biyan cikakkiyar buƙata ba tare da bashi ba. A irin wannan wuri kusan kyauta yaro zai yi karatu, kuma jiran Maris ba zai samo masa abin da ya fi kyauta ba. Ina ganin babban rashi ne yadda ake tsorata irin waɗannan yara da gurbin alkawari, su bar wa 'ya'yan masu kuɗi ƙofar da su ma ta dace da su. Akwai ma shirin QuestBridge, wanda ke haɗa ɗalibai masu hazaƙa daga gidaje marasa ƙarfi da jami'o'i sama da 50. Shi ma akwai ɗauri a cikinsa, amma an faɗi farashin tun farko: cikakken tallafi na shekara huɗu. Wannan ɗauri ne na adalci, domin kowane ɓangare ya san abin da ya ɗauka.

Waɗanda ke cikin haɗari su ne na tsakiya, da masu kuɗin da ba ya zama wuri ɗaya. Ma'aikaciyar jinya da mijinta direban bas, suna samun abin da lissafi ya ce sun wadata, alhali haya da inshora sun cinye shi. Irin wannan gida sau da yawa abin da ke cetonsa shi ne kyautar hazaƙa, wadda jami'o'i ke bayarwa don su janyo yaron da suke tsoron zai tafi wani wuri. Manyan jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, irin su Harvard da Yale, ba sa ba da irin wannan kyauta sam. Waɗanda ke bayarwa kuwa, me zai sa su yi zawarcin wadda aka riga aka sa wa rana? Sai kuma direban tasi ko mai shago, wanda abin da ya samu bara ba shi ne na bana ba. Sai wanda ya yi shekara 15 yana tura kuɗi ana ɗora bulo a Kumasi ko Zinder ko Kano, fom ya ƙirga masa ginin a matsayin kadara ko da ba ya kawo ko sisi. Kuɗin da ake aika wa tsofaffi da marayun dangi duk wata, wanda a wurinmu farilla ne, lissafin gwamnati bai san da shi ba. Ana iya bayyana shi a matsayin yanayi na musamman, jami'in tallafi ya duba in ya ga dama. Gidan da rayuwarsa ke buƙatar dogon bayani irin wannan ba zai iya hasashen farashinsa ba, kuma a ganina bai kamata ya ɗaure kansa ba.

Ga mai nema daga Najeriya ko Nijar ko Ghana abin ya fi tsauri. Ba shi da haƙƙin tallafin gwamnatin Amurka, kuma yawancin jami'o'i suna duba aljihunsa kafin su ɗauke shi. 'Yan kaɗan ne ke ɗaukar baƙo ba tare da duba ƙarfinsa ba sannan su biya masa cikakkiyar buƙata, cikinsu akwai Amherst da Bowdoin da Dartmouth da Brown masu gurbin alkawari. A sauran wurare adadin da uba ya rubuta cewa zai iya biya shi ma alkawari ne, na shekara huɗu, kuma da dala. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500.

Akwai abubuwan da ke rage duhun. Dokar tarayya ta tilasta wa duk jami'ar da ke karɓar tallafin gwamnati ta ajiye manhajar ƙiyasin ainihin farashi a shafinta na intanet, tun daga Oktoban 2011. A zauna da takardun haraji na gaske a cike ta, a adana sakamakon, domin shi ne hujjar da za a riƙe in takardar Disamba ta zo da wani abu daban. In akwai sana'a ko saki ko kadara a wata ƙasa, manhajar tana iya kuskure babba, sai a kira ofishin tallafi a tambaya ko za su yi ƙiyasi tun kafin a nema. Wasu suna yi. Gurbin alkawari ba ya hana a aika wa jami'o'in jiha ta hanyar neman wuri marar ɗauri, don haka a aika, kuma a kammala rubuta takardun Janairu tun kafin amsar Disamba ta fito. Kada a janye ko ɗaya sai an ga takardar tallafi an karanta ta layi-layi. In ta gaza, ana ɗaukaka ƙara a rubuce, da shaidu. Jami'o'i da dama kuma suna da zagaye na biyu na gurbin alkawari a Janairu, wanda ke ba iyali ƙarin wata biyu su gane inda suka tsaya.

Wanda ya fi duk waɗannan wuya shi ne zaman da ya kamata a yi a gida tun Oktoba. Iyayenmu ba su saba buɗe wa yara cikin aljihu ba, ana ganin abin kunya ne uba ya ce wa ɗansa iyakacina ke nan. Amma yaron da za a bari ya sa hannu a kan irin wannan takarda ya cancanci ya ji adadi: Baba zai iya dala kaza a shekara, in ta wuce haka za mu nemi a sake mu. A rubuta, a gaya wa malamin shawara shi ma tun kafin ya sa nasa hannun, don kada fasawa ta zo masa da mamaki.

Lissafin ma ya ƙara matsewa. Shekaru da dama iyayen da suka ga giɓi a Disamba suna toshe shi da bashin gwamnati na iyaye, wanda ake ba su har iya cikakken kuɗin makaranta. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sa masa iyaka ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yuli 2026: dala dubu 20 a shekara, dubu 65 gaba ɗaya a kan kowane yaro. Iyalin da giɓinsu ya kai dubu 20 duk shekara za su cinye wannan iyaka kafin yaro ya gama shekararsa ta huɗu, ragowar kuma sai a bankunan kasuwa, da ruwan da suka ga dama.